In Sayi Kyamara Ne, Ko Wayata Ta Isa?

Tambaya: Malam, ni mutum ne mai yawan doguwar tafiya a mota, kuma ranakun hutu ina gyaran tsofaffin babura don sha'awa kawai. Duka biyun ina ɗaukar su a bidiyo da wayata. To amma in na zauna kallo sai in tarar hoto na rawa, iska ta cinye magana, wani lokaci wayar ta ɗau zafi ta tsaya da kanta, kuma ko abokaina ba sa iya kallo har ƙarshe. In sayi GoPro ne, 'yar kyamarar nan da ake maƙalawa a hular kwano ko a jikin mota, ko babbar kyamara, ko kuwa akwai inda nake kuskure?

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Sana'ata ɗaukar bidiyo da tace shi, kuma abin da ya fi zuwa hannuna daga masu sha'awa irinka shi ne sa'o'i na hanya da aka ɗauka ta gilashin gaba, wani da kyamara mai tsada, wani da mai araha, amma sakamakon ɗaya. Matsala huɗu ka lissafa. Rawa da iska da zafi gyaransu ba wuya. Ta huɗun, wato rashin mai kallo, ita ce babba, kuma ba a ƙera kyamarar da ke maganinta ba. Da ita zan fara.

Abin da ke kashe bidiyon tafiya tsawon ɗauka ne. Mutum ya danna maɓalli ya bar waya tana ta ci, minti ashirin, minti arba'in, wai don kada wani abu ya wuce shi. Kai da ke cikin motar kana jin iska a fuskarka, kana hira, kana ɗokin isa. Mai kallo ba ya samun ko ɗaya daga cikin waɗannan, kwalta ce kawai ke shigewa ƙarƙashin mota. In ka natsu ka kalli shirin talabijin da aka tsara da kyau, ka riƙa ƙirga sakanni, za ka ga yawancin hotuna ba sa daɗewa ake canza su, sai fa in wani abu na faruwa a ciki wanda ya isa ya riƙe ido.

Don haka ka riƙa ɗauka gunduwa-gunduwa. Ka tsai da hannunka, ka danna, ka ƙirga goma a zuci, ka kashe. Na ce goma ne saboda sakan na farko da na ƙarshe yawanci hannu ya motsa wajen dannawa, na tsakiyar su ne rabonka. Kuma ka daina shara da waya hagu da dama don ka nuna komai a ɗauka ɗaya. In wuri na da faɗi, ɗauke shi sau uku daga wurare uku, kowanne a tsaye cak.

Bari mu shiga wurin gyaran baburanka, don a nan abin ya fi fitowa fili. A ce yau wankin kafireta za ka yi da canjin fulogi. Abin da mutane suka saba shi ne su jingina waya a kusurwa ta ɗauki bayansu suna sunkuye har awa biyu. Kai kuwa ka matso da ita dab da hannunka lokacin da sifana ta kama noti, a ga yatsu da baƙin mai, a ji ƙarar da notin ya yi sa'ad da ya saki. Ka ajiye tsohon fulogi da ya yi baƙi ƙirin kusa da sabo a kan tsumma, ka ba su sakan goma. Ka ɗauki fetur ɗin da ke cikin kwano yana rinewa da datti. Sannan fuskarka kana hura 'yar ƙofar da ta toshe kana ɗaga ta sama don ka ga ko haske ya ratsa. Sai ka ja da baya a ga babur ɗin gaba ɗaya da inda kake aiki, sai kuma ɗaya ta bayan kafaɗarka, yadda mai kallo zai ga abin da idonka ke gani. In lokacin tayar da inji ya zo, to a nan dokar sakan goma ba ta aiki. Kafa wayar ka bar ta tana ɗauka, domin mai yiwuwa ka buga kik sau uku ya ƙi, a na huɗu ya kama, salansa ta fitar da hayaƙi, kuma fuskar da za ka yi a wannan lokacin ba ta sake yiwuwa ko an ce ka maimaita. Waɗannan guntayen, in an jera su, minti biyu ne da mutum zai kalla har ƙarshe ya kuma tambaye ka yaushe za ka sake.

Tafiya ma haka take. Mafi yawan abin kallo a tafiya yana faruwa ne lokacin da mota ke tsaye: loda kaya da asuba, hannu na murɗa makulli, allurar mai, allon da ke nuna sauran kilomita, abokin tafiya da barci ya sace, canjin taya a gefen hanya, fuskokin mutane da aka isa. Kada ka ce wa abokin tafiyarka "faɗi wani abu", zai daskare ne ya yi maka murmushin dole. Tambaye shi abu takamaimai, misali me ya fi ba shi mamaki tun da kuka taso. Ka kuma yi amfani da hasken safiya da na yamma, sa'ad da rana ta yi ƙasa. Ranar tsaka tana zuba inuwa a ƙarƙashin ido ta kuma wanke launin ƙasa. In dole ne ka ɗauki mutum a lokacin, kai shi inuwa, kuma kada hasken ya kasance a bayansa.

Ita hanyar kanta fa? Akwai saitin da ke tattara dogon lokaci ya mai da shi gajere, wanda kusan kowace waya ke da shi. Lissafinsa mai sauƙi ne: in ana ɗaukar hoto ɗaya duk sakan 2, awa guda za ta ba ka hotuna 1,800, in an kunna su 30 a sakan, minti ɗaya ke nan. Ko a cikin wannan mintin, sakan goma zuwa sha biyar za ka ɗiba, inda hanya ta yi kwana, ko ta hau tudu, ko gari ya fara wayewa.

Akwai magana ɗaya da ba na sassautawa a kanta. Direba ba ya ɗaukar bidiyo. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowane sakan. Sakan huɗu da za ka yi kana duba ko hoto ya daidaita, ka wuce mita 110, fiye da tsawon filin ƙwallo, ba tare da ka ga hanya ba. Ko dai na kusa da kai ya riƙe wayar, ko ka kafa ta ka danna kafin ka tashi, ba za ka sake taɓa ta ba sai ka tsaya. Kuma inda ka kafa ta kada ta tare maka gani, kada ta zauna a gaban jakar iskar nan da ke fashewa lokacin haɗari.

Yanzu batun rawa. Rawa iri biyu ce, kuma mutane na haɗa su. Akwai ta hannu, wadda maganinta riƙe waya da hannu biyu, manne gwiwar hannu a jiki, da daina tafiya kana ɗauka in ba dole ba. Akwai kuma wadda za ka ga hoton kansa na lanƙwashewa yana kaɗawa, turakun lantarki na gefen hanya sun karkace. Dalilinta shi ne sensar waya, wato ɓangaren da ke karɓar haske a bayan idon kyamara, ba ta ɗaukar hoto gaba ɗaya lokaci guda, layi-layi take karanta shi daga sama zuwa ƙasa, to in girgizar inji ta motsa wayar kafin a gama karantawa, sai saman hoton da ƙasansa su saɓa. Mariƙin waya mai dogon wuya shi ya fi jawo wannan, domin yana ƙara girgizar ne. Nemi gajere mai ƙarfi, wanda ke manne da gilashi sosai. Yi amfani da ido mai faɗi, wanda ake rubuta wa 0.5 a wayoyi da yawa, domin faɗin hoto na ɓoye rawa, jawo hoto kusa kuwa na ninka ta. Sai dai wannan idon ba ya son duhu, da magariba ta yi ka koma babban ido. Jawo hoto da yatsu biyu kuwa ka bar shi kwata-kwata, yanka hoton kawai yake yi ya buɗa shi, sai dai in wayar na da ido na musamman don nesa.

Tunda kai mai babura ne, ga gargaɗi na musamman. Wayoyi da yawa na da wata 'yar na'ura a cikin kyamara da ke motsa gilashin ko sensar don rage rawa. A 2021 kamfanin Apple ya fitar da sanarwa cewa girgizar injin babura masu ƙarfi na iya lalata wannan na'ura da mai daidaita ganin kyamarar iPhone, ya kuma ba da shawarar kada a ɗaura wayar a jikin irin waɗannan babura. Ko a kan ƙananan babura, ya ce a sa mariƙi mai shanye girgiza. Lalacewar ba ta warkewa da kashe waya a kunna, sai an canza kyamarar. Don haka kada ka ɗaura wayarka a kan hannun babur don gwajin injin da ka gyara.

Ɗauka ta gilashin mota na da nata sharuɗɗa. Goge gilashin ciki da waje, ka goge idon wayar ma, domin maiƙon yatsa shi ke sa fitilu su yi dogayen wutsiyoyi da dare. Matso da idon dab da gilashi, ka shimfiɗa baƙin ƙyalle a kan dashbod don kada hotonsa ya fito a gilashin. Sannan ka ɗora yatsa a fuskar wayar, a kan wani abu mai nisa, ka riƙe har ta nuna ta kulle gani da haske. In ba ka yi haka ba, ƙwaro ɗaya da ya fashe a gilashi ya isa ya sa kyamara ta koma kallonsa ta bar hanya, kuma duk wucewa ƙarƙashin bishiya hoton zai yi haske ya yi duhu.

Sauti shi ne inda nake so ka kashe kuɗinka na farko. Mutane na haƙuri da hoto mai rauni, amma in ba sa jin abin da ake faɗa, nan take suke wucewa. Ka'idar ita ce kusanci. A fili, duk lokacin da tazara tsakanin baki da makirfo ta ninka, ƙarfin muryar da ke isa gare shi na raguwa da kusan desibel 6 a ma'aunin ƙarfin sauti, alhali ƙarar inji da ta taya na nan yadda suke. Makirfon da ke maƙale a wuyan riga, santimita 20 daga baki, da wayar da ke nesa da mita ɗaya da rabi, bambancinsu ya kai kusan desibel 18. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, shi ne tsakanin murya tsaf da murya a cikin hayaniya. Saboda haka ƙaramin makirfo na maƙalawa, mai igiya ko marar igiya, ya fi maka sabuwar kyamara amfani nesa ba kusa ba. In babu, makirfon da ke jikin abin sauraren kunne mai igiya ma ya fi na jikin waya. Ko ka sa wata wayar a aljihun gaban riga tana naɗar murya, ka tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara kafin ka fara magana, wajen tacewa sai ka daidaita ƙarar tafin a sautukan biyu.

Iska kuwa ba ƙara ce da makirfo ke jiyowa daga nesa ba, bugunsa take yi kai tsaye, shi ya sa manhajar tacewa ba ta iya cire ta da kyau bayan an gama. Soson da ke zuwa da makirfo na cikin ɗaki ne. A waje sai an sa masa hular nan mai gashi-gashi, wadda ke karya ƙarfin iskar kafin ta iso. A cikin mota, rufe tagogi in za a yi magana, ka rage fankar na'urar sanyaya, ka kashe rediyo. Kashe rediyon na da dalili na biyu: YouTube da Facebook na da tsarin da ke gane waƙoƙi masu haƙƙin mallaka, kuma waƙar da ke tashi a bayan hirarku na iya sa a toshe bidiyon ko a kashe sautinsa. Wani abin da masu koyo ke mantawa, a duk inda ka tsaya ka naɗi rabin minti na sautin wurin kawai, ba magana: ruwa, tsuntsaye, injin da ke aiki a hankali. Wajen tacewa shi ke ɗinke guntayen hotuna su zama abu ɗaya.

Zafi yawanci abu uku ne suka haɗu: rana, caji, da saiti mai nauyi. Apple ya ce an tsara iPhone ta yi aiki tsakanin digiri 0 da 35 a ma'aunin Selsiyos, sauran wayoyi ma ba su yi nisa da haka ba, alhali bayan gilashin mota a rana ya wuce nan sosai. Ka ƙara da caji, ka ƙara da ɗaukar 4K, wato saitin hoto mai tsananin fitowa tar, a hoto 60 cikin sakan, dole ta tsaya don ta kare kanta. Cire mata riga, rage hasken fuskarta, juya mata iskar na'urar sanyaya, kuma kada ka bar ta ko batirin caji a motar da aka rufe a rana. Ɗauka gunduwa-gunduwa da na faɗa a sama ita kanta ta magance rabin wannan matsala.

Saitin ma ka sauke shi. A lissafin da iPhone ke nunawa a saitinta, minti ɗaya na 1080p, saitin da ke ƙasa da 4K, a hoto 30 kusan megabait 60 ne, 4K a 30 kusan 170, 4K a 60 kuwa kusan 400. Wato awa ɗaya ta wannan na ƙarshen gigabait 24 ce. In a waya za a kalli bidiyon, 1080p ya wadatar. Amfanin 4K na gaske shi ne yanka: hoton kwance mai 3840 da 2160, in ka yanko tsaye daga tsakiyarsa, za ka sami 1215 da 2160, wanda ya fi 1080 da 1920 da TikTok da makamantansa ke bukata. Don haka in kana son bidiyo ɗaya ya yi maka aiki a YouTube da kuma wuraren da ake kallo a tsaye, ɗauki 4K a kwance, ka bar abin da kake nunawa a tsakiya. Hoto 60 a sakan ka ajiye shi don abin da za ka rage wa gudu, kamar tartsatsin wuta ko fantsamar ruwa.

In ka taɓa ganin hoto na ƙyaftawa ko wasu layuka na yawo a ƙarƙashin fitilar wurin aikinka, wutar lantarki ce. A Afirka da Turai da yawancin Asiya wuta na juyawa sau 50 a sakan, a Amurka da Kanada sau 60. Inda take 50, ɗauki hoto 25 ko 50 a sakan, inda take 60, ɗauki 30 ko 60. Wasu wayoyin sun ɓoye 25 a cikin saiti, wasu kuma sai da manhaja irin Blackmagic Camera, wadda kyauta ce. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai har ƙarshen tafiya. HDR ma, wato saitin da ke ƙoƙarin fito da wuri mai haske da mai duhu a hoto ɗaya, ina ba masu farawa shawarar su kashe shi, domin yakan fito da haske fiye da kima ko launi a koɗe in an haɗa shi da wasu hotuna a manhajar da ba ta san shi ba.

Kowane dare ka kwafe abin da ka ɗauka zuwa wuri na biyu, kwamfuta ko faifan ajiya na waje, kuma kada ka goge na wayar sai ka buɗe kwafin ka ga yana aiki. In za ka tura wa wani ta WhatsApp don ya tace, tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba za a matse shi ya rasa kyau. Wajen tacewa, CapCut a waya ko DaVinci Resolve a kwamfuta sun isa, kuma kada ka ji tausayin yanka. Hoton da ka sha wahala kafin ka samu, in bai ƙara komai ba, cire shi. Ka nemi izinin mutane kafin ka sa fuskarsu, musamman yara, ka kuma sauke waya a shingen jami'an tsaro da wuraren soja da kan iyaka, domin ƙasashe da yawa sun hana ɗauka a irin waɗannan wurare. In kana ɗora bidiyo a intanet, jinkirta shi har ka bar wurin, kada kuma ka nuna ƙofar gidanka da lambar motarka.

To yaushe sayen kyamara ke da ma'ana? Babbar kyamara mai canjin ido tana da amfani in kana ɗaukar abu mai nisa, kamar tsuntsaye ko wasanni, ko kana yawan aiki a wuri mai ƙarancin haske. Amma tana da nauyi, tana son koyo, kuma a tafiya sau da yawa kafin a ciro ta daga jaka abin ya wuce. Ga irin abin da ka bayyana, ban ga bukatarta yanzu ba. Makirfo da hularsa, mariƙi mai ƙarfi, da 'yar sanda mai ƙafa uku don wurin gyara, su ne a gaba.

GoPro da 'yan'uwanta irin DJI Osmo Action da Insta360 aikinsu daban ne: zuwa inda ba za ka yarda wayarka ta je ba. Jikin mota ta waje, hular kwano, hannun babur, cikin ruwan sama da ƙura. GoPro na zamani irin HERO Black na shiga ruwa har mita 10 ba tare da an sa su a wani gidan kariya ba, kuma tun HERO7 Black ta 2018 suke da tsarin HyperSmooth, wanda ke rage rawa da lissafi ta hanyar yanke gefen hoto. Rauninsu duhu ne, domin sensarsu ƙarama ce, kuma da haske ya ragu rage rawar kan bar hoto da dishi-dishi. Tunda kana son ɗaukar gwajin baburan da ka gyara a kan hanya, wannan dalili ne na gaske na sayen ɗaya, ko da wadda ta kwana biyu ce. Ka haɗa ta da katin memori mai alamar V30, wato wanda ba ya sauka ƙasa da megabait 30 a sakan wajen rubutu, ka saye shi a wurin da ka amince da shi domin jabu sun yi yawa, ka cika shi da bidiyo a gida ka tabbatar duk suna buɗewa kafin ka fita da shi. Ka ƙara batiri na biyu. In za ka manna ta a jikin mota ta waje, wanke wurin ya bushe, ka ɗaure ta da igiya ta biyu a wani abu mai ƙarfi, ka kuma duba mannewar a duk tsayawa, domin zafi da girgiza na sassauta ta a hankali, kuma in ta faɗi a guje, na bayanka za ta samu.